Yadda za ka hana kamfani kashe maka inbatar sola daga nesa

A tsakiyar watan Nuwamba na 2024, masu gidaje da dama a Amurka, har da tsibirin Puerto Rico, sun wayi gari inbatar solarsu, wato na'urar da ke juya wutar sola zuwa wutar gida, ta daina aiki. Ba ƙonewa ta yi ba, ba kuma tsawa ce ta buge ta ba. Rubutu ne kawai ya bayyana a fuskarta, yana cewa ba a yarda a yi amfani da wannan na'ura a Amurka ko Birtaniya ko Pakistan ba, a mayar da ita wurin wanda ya sayar. Inbatocin ƙirar kamfanin Deye ne da ke birnin Ningbo a ƙasar Sin. Shi Deye yana da yarjejeniya da kamfanin Sol-Ark na jihar Texas, wadda ta ba Sol-Ark shi kaɗai damar sayar da irin waɗannan na'urori a Amurka da sunansa. Amma 'yan kasuwa sun riƙa shigo da masu tambarin Deye kai tsaye saboda sun fi araha, mutane kuwa suka saya da kuɗinsu, suka kafa a gidajensu.

Da ƙura ta tashi, Sol-Ark ya ce ba shi ya kashe su ba, ya kuma yi tayin rangwame ga wanda zai sayi tasa. Deye kuma ya ce na'urorin ba su da takardar shaidar ingancin kayan lantarki ta UL da ake buƙata a Amurka, kuma wata hanyar tantance izini da aka gina a cikinsu ce ta fitar da saƙon da kanta. Ko wane bayani mutum ya gaskata, sakamakon ɗaya ne. Rikicin na kamfani da dillalansa ne, amma wanda ya kwana a duhu, abincinsa ya lalace a firij, shi ne mai gidan da bai taɓa sa hannu a waccan yarjejeniya ba. A Puerto Rico, inda guguwar Maria ta 2017 ta ragargaza layukan wuta har wasu suka yi watanni babu lantarki, sola ba kayan ƙawa ba ce.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin irin waɗannan inbatoci, Deye da Growatt da sauransu, su ne cike da shagunan Sabon Gari a Kano da kasuwar Alaba a Legas, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane ke ta komawa sola. Ga matakan da nake ganin ya kamata duk mai sola ya bi, ko ya riga ya saya ko yana shirin saye.

Mataki na farko: gano ta inda inbatarka ke magana da waje

Inbata ba ta buƙatar intanet kafin ta juya wutar fanel da ta batir zuwa wutar gida. Wannan aiki a cikinta yake gudana. Abin da ke haɗa ta da duniya ƙari ne, kuma yawanci yana zuwa ne a ɗayan siffofi uku. Akwai 'yar sandar nan mai eriya da ake soka wa a ƙasan inbata, wadda ke kama waifai na gida. Akwai wadda ke ɗauke da layin waya a cikinta, ba ruwanta da rawutarka, wato akwatin da ke raba waifai a gida. Akwai kuma inbatar da aka gina mata waifai a ciki, ko aka ja mata wayar intanet.

Je ka duba ƙasan taka da idonka. In ka ga sandar, karanta abin da ke rubuce a jikinta, ka ɗauki hoto. Yawancin na Deye da wasu kamfanoni da dama suna aika bayanai ne zuwa dandalin Solarman ko Deye Cloud, na Growatt kuma zuwa ShinePhone. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne hanyar nan ba tafiya ɗaya take yi ba. Kamar yadda take kai rahoton wutar da ka samu yau zuwa wayarka, haka take iya kawo umarni: a canza saiti, a sabunta manhajar cikin na'ura, a tsayar da ita. Tun a 2015 kamfanin Enphase ya sabunta saitin ƙananan inbatoci kusan 800,000 a Hawaii daga nesa, bisa buƙatar kamfanin wutar lantarkin yankin. Wancan aiki ne mai amfani, amma ya nuna girman ikon da ke hannun mai riƙe da ɗaya ƙarshen igiyar.

Kada ka manta da batir. Batiran litiyam na zamani da yawa suna da nasu bulutut ko waifai.

Mataki na biyu: kafin ka biya kuɗi

Nan ne ƙarfinka yake, domin bayan kuɗi sun bar hannunka sai roƙo. Tambayoyin da za ka yi wa mai shago ba su da yawa, amma ka nace sai ka ji amsa.

Tambaye shi wace ƙasa aka ƙera wa wannan na'urar. Kamfanoni suna raba duniya ne yanki-yanki, kowane yanki da babban dillalinsa, kuma lambar siriyal tana nuna wa kamfani inda aka nufa da kowace na'ura. Wadda aka yi wa kasuwar wata ƙasa, sannan ta shigo ta bayan fage, ita ce ke cikin haɗari irin na mutanen Amurka. Ka karɓi lambar siriyal ɗin, ka tura wa kamfanin ko wakilinsa na ƙasarka ta imel, ka tambaya ko suna ɗaukar garantinta a inda kake zaune. Amsar da suka ba ka a rubuce ka adana ta. In mai shago ya ƙi ba ka lambar kafin ciniki, ka nemi wani shago. Araha ba ta ado, balle ga abin da za ka dogara da shi shekara goma.

Sannan ka nemi a kunna maka ita a gabanka ba tare da an haɗa ta da intanet ba. Ka ga ko za a iya shiga dukkan saitinta daga allon da ke jikinta: nau'in batir, ƙarfin caji, lokacin da za ta ja daga layin NEPA, lokacin da za ta koma batir. Akwai na'urorin da ba sa fara aiki sai an yi musu rajista ta manhajar kamfani, wasu ma ba su da allo sam. Irin waɗannan, duk kyawunsu, kana amfani da su ne da yardar wani. Ni ba na ba wa mai gida shawarar sayensu in har akwai zaɓi, musamman a inda intanet ɗin ma ba ta da tabbas.

Duba kuma ko tana da mashigar RS485 ko RS232, kuma ko tana jin yaren Modbus. Ba sai ka fahimci yadda suke aiki ba. Kasancewarsu na nufin za ka iya karanta bayanan inbatarka a cikin gida ba sai ta kamfani ba, kamar yadda za mu gani a gaba.

Karanta takardar garanti, sashen da ke maganar intanet. Misali, garantin batirin Powerwall na Tesla shekara 10 ne, amma kamfanin ya rubuta cewa in aka daɗe ba a haɗa shi da intanet ba, garantin na iya komawa shekara 4. Gara ka san irin wannan sharaɗi tun farko, ka yanke hukunci da saninka.

Daga ƙarshe, rasit. A rubuta sunan shago, samfurin na'ura, lambar siriyal, kwanan wata, da tsawon garanti. In za ka iya, sa ya ƙara layi ɗaya da hannunsa cewa idan kamfani ya rufe na'urar saboda ba a yi ta don wannan ƙasa ba, zai canza ta ko ya mayar da kuɗi. Mai sayar da kayan gaskiya ba zai ji nauyin rubuta wannan ba.

Mataki na uku: karɓi makullan gidanka daga hannun mai haɗawa

Wannan matsala ta fi ta kamfani yawa, kuma ba a cika maganarta ba. Injiniya ya zo ya haɗa sola, ya buɗe asusu a manhaja da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya sa maka a waya, ya tafi. Kai kana kallo ne kawai, shi ne mai gona a idon kamfani. Yana iya canza saitin inbatarka daga ɗakinsa. In saɓani ya shiga tsakaninku kan cikon kuɗi, ko ya bar gari, ko ya sayar da wayarsa, ikon ya tafi da shi.

Buɗe asusu da naka imel. Ka sa a mayar da rajistar na'urar zuwa sunanka a matsayin mai ita, sannan kai ka ba injiniya izinin kallo, ka janye in aiki ya ƙare. A Solarman, misali, manhajar masu gida daban take da ta masu haɗawa, kuma akwai wurin da ake ganin waɗanda aka ba izini. Shiga ka duba sunayen da ke wurin. Karɓi lambar sirrin shiga saitin ƙwararru ta jikin inbatar, ka rubuta. Sannan ka bi shafukan saitin ɗaya bayan ɗaya kana ɗaukar hoto, har da shafin da ke nuna lambar sigar manhajar ciki. Ranar da wani abu ya canza, waɗannan hotuna su ne shaidarka, kuma su ne za su taimaki duk wani injiniyan da zai gyara.

Sandar intanet ɗin ma tana da nata waifai da take watsawa, kuma da yawa suna zuwa da kalmar sirri mai sauƙi iri ɗaya daga masana'anta. Maƙwabci mai wayo zai iya shiga. Canza ta.

Mataki na huɗu: yanke shawara kan intanet

Hanya uku ce a gabanka, kowace da ribarta da asararta.

Ta farko, zare sandar gaba ɗaya ka ajiye a durowa. Ga mafi yawan inbatocin gida masu allo, babu abin da zai faru illa manhajar waya ta daina nuna komai. Wannan ita ce mafi sauƙi kuma mafi ƙarfi, kuma ita kaɗai ce ke aiki ga sandar da ke da layin waya a cikinta. Abin da ka rasa shi ne kallo daga nesa da taimakon injiniya ba tare da ya zo ba.

Ta biyu, bar sandar a kan waifai na gida amma ka hana ta fita waje. Yawancin rawutoci suna da wurin hana wata na'ura shiga intanet, sau da yawa a ƙarƙashin saitin kula da yara. Nemo sandar a jerin na'urorin da ke haɗe, ka toshe mata fita. Bayan ɗan lokaci buɗe manhajar kamfani, in ta nuna na'urar ba ta kan layi, toshewar ta kama. Daga nan sai ka karanta bayanan a cikin gida da manhajoji irin su Home Assistant, wadda kyauta ce, ko Solar Assistant, wadda ake saye sau ɗaya a ɗora a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, a haɗa da inbata ta waya. Wannan hanya tana son ɗan sanin kwamfuta, amma duk matashin da ke gyaran waya ko haɗa intanet zai iya. Ita na fi so, domin kana ganin komai kuma ba wanda ke taɓa maka komai.

Ta uku, bar ta a haɗe amma ka rage hatsari: kalmar sirri mai ƙarfi, izini ga mutum ɗaya da ka amince da shi, da kashe sabuntawa ta kai tsaye in akwai wurin kashewa. Sai dai ka sani, ba kamfani kaɗai ne abin tsoro ba. A watan Agusta na 2024 masu bincike na kamfanin tsaron intanet Bitdefender sun bayyana raunin da suka gano a dandalin Solarman da Deye, wanda zai iya ba baƙo damar karɓe asusun mutane, kuma an toshe shi bayan sun kai rahoto. A Maris na 2025 kamfanin Forescout ya fitar da raunuka 46 a kayan Sungrow da Growatt da SMA. Har gwamnatoci sun fara ɗaukar mataki: ƙasar Lituwaniya ta yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana kamfanonin ƙasashe irin su Sin iko daga nesa a kan tashoshin sola da na iska da suka wuce kilowat 100.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Sabunta manhajar ciki wani lokaci gyara ne na gaske, musamman in inbata da batir ba sa jituwa. Don haka kada ka jefar da sandar. In matsala ta taso, ka tambayi kamfani wace siga za su ɗora da abin da take gyarawa, ka soka sandar, a yi aikin, ka zare. Wannan kuwa ga na'urar da ka tabbatar an yi ta don ƙasarka ne. In kana zargin taka ta bayan fage ta shigo, kowane haɗi da intanet sanar da kamfani inda take ne.

Ga 'yan'uwa da ke zaune a ƙasashen da ake sayar wa kamfanin lantarki rarar wuta, a duba doka kafin a zare komai. A jihar Kudancin Ostareliya, tun Satumba na 2020 sababbin sola dole su kasance masu yiwuwar kashewa daga nesa lokacin gaggawa, don kare layin wuta. Wannan iko ne da doka ta bayar a fili, kowa ya san da shi tun kafin ya saya, kuma ya bambanta da kamfanin da ke hukunta mai gida kan rikicinsa da dillali.

Mataki na biyar: shirya gidan yadda mutuwar inbata ba za ta zama mutuwar wuta ba

Sa a saka maka makunnin sauya layi na hannu, irin wanda ake sa wa janareta, ta yadda za ka iya tsallake inbata ka ba gida wuta kai tsaye daga NEPA ko inji. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana amfani ko da lalacewa ce ta yau da kullum.

Wajen batir, zaɓi wanda ba a ɗaure shi da kamfani ɗaya ba. Batiran litiyam masu bolt 48 galibi suna aiki da inbatoci iri-iri, ko ta wayar sadarwa ko ta saita ƙarfin caji da hannu. Masu babban bolt kuwa sau da yawa da inbatar kamfaninsu kaɗai suke tafiya, in ta tsaya su ma sun tsaya, alhali batir ne ya fi cin kuɗi a duk haɗin. In a gidan akwai mai buƙatar injin iskar numfashi, ko maganin da dole ya zauna a firij irin insulin, ka ajiye ƙaramar inbata ta biyu marar intanet wadda za ta iya ɗaukar waɗannan kaɗai.

Gargaɗi: wayoyin da ke saukowa daga fanel suna iya ɗaukar ɗaruruwan bolt muddin akwai rana, ko da inbata a kashe take. Zare sandar intanet aikin kowa ne. Buɗe murfi da taɓa wayoyi aikin mai sana'a ne.

Mataki na shida: in sola ta biyan kuɗi kaɗan-kaɗan ce

Kamfanoni irin su Sun King da d.light da M-KOPA, da Lumos da ya yi aiki da MTN a Najeriya, sun gina kasuwancinsu ne a kan wannan iko: ka biya ta kunnu, ka yi jinkiri ta rufe. Ba na ganin laifi a nan, domin an faɗa maka tun farko kuma ba ka gama biya ba, kuma ta wannan hanya gidaje da yawa suka sami haske. Abin da za ka tabbatar a takarda shi ne ko a ƙarshe na'urar za ta zama taka ko haya ce, jimillar kuɗin da za ka biya, da kuma cewa bayan biyan ƙarshe za a buɗe ta buɗewa ta dindindin wadda ba ta buƙatar kamfani ya ci gaba da wanzuwa. Adana saƙon kowane biya. Kada ka sayi irin wannan a hannun wani sai kamfani ya tabbatar maka babu bashi a kanta.

Mataki na bakwai: in an riga an rufe maka

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da bidiyon saƙon da ke allo, da lambar siriyal, ka rubuta rana da lokaci. Juya makunnin sauya layi gida ya sami wuta. In kana da wasu inbatoci irinta da ba a rufe ba, zare musu intanet nan take. Kada ka yi saurin mayar da ita saitin masana'anta, kuma ka guji fayilolin manhaja da ake yaɗawa da sunan buɗe kulle, domin sigar da ba ta dace ba tana iya kashe allon na'urar har abada, ta kuma ba kamfani hujjar janye garanti.

Wanda za ka fara kamawa shi ne wanda ya karɓi kuɗinka. Rubuta masa, ka ba shi wa'adi, ka nemi a buɗe, a canza, ko a mayar da kuɗi, sannan ka aika wa kamfanin kwafi. A Najeriya, Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun kayan da ya dace da aikin da aka saye shi dominsa, kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC tana karɓar ƙorafi ta intanet. Kafin a kai can, shugabannin ƙungiyar kasuwa sukan warware irin wannan cikin sauri in ka zo da rasit. A Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ɗora nauyin a kan mai sayarwa. A Amurka ana kai ƙara ga ofishin babban lauyan jiha da hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC. Mu da muka tashi da karatun fiƙihu mun san zaɓin aibi: wanda aka sayar wa kaya da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Na'urar da dillali ya san ana iya rufe ta saboda hanyar da ya shigo da ita, bai kuma faɗa ba, a ganina ta shiga wannan babi.

Game da kamfanin kansa, doka ba ta gama kamo zamani ba. Ƙarfe da wayoyin naka ne, amma manhajar ciki lasisi aka ba ka, kuma ta wannan ƙofa kamfanoni ke riƙe iko bayan ciniki. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Lexmark kan kwalaben tawadar firinta, ta yanke cewa da zarar an sayar da kaya, ko a gida ko a waje, haƙƙin ƙirƙira ba ya ba kamfani damar ci gaba da juya shi. Sai dai dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, DMCA, ta 1998 ta haramta fasa kullen manhaja in ban da wuraren da aka keɓe, don haka abin da kamfani ya rasa a kotu yana iya samunsa ta kulle. Ƙorafin mutum ɗaya a nan ba ya nisa. Ku nemi juna ku da abin ya shafa, ku tara lambobin siriyal da rasitai da hotuna a wuri ɗaya, ku shigar da ƙorafi guda da sunayenku duka ga hukuma da ga babban dillalin da ya shigo da kayan.